Babi na Biyar: Sawun Dorugu

A unguwar jami'a ta birnin Hambug akwai wani titi da na yi wata shida ina ratsawa ban taɓa ɗaga kai na karanta sunansa ba. Sanyi ne ya hana. Daga Oktoba har Maris mutum tafiya yake yi kai a sunkuye, hannuwa cikin aljihu, ba abin da yake nema sai ƙofar da zai tura ya ji ɗumi. Sai da itatuwa suka fara toho, wata rana na fito daga ɗakin gwaje-gwaje na tsaya jiran wani abokin karatuna, idona ya faɗa kan allon da ke bakin kwana: Heinrich-Barth-Straße. Na maimaita sunan a zuciya, sai ga ajinmu na sakandare a Daura ya dawo mini, da malamin tarihi yana rubuta shi da alli. Wannan shi ne Baturen da ya shiga Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ya zaga Katsina da Zinder da Sakkwato da Gwandu, ya kai har Tumbuktu. Ashe ɗan garin nan ne, a nan aka haife shi a 1821.

Abin da ban sani ba sai a makon nan shi ne, da Barth ya koma gida a 1855 ba shi kaɗai ya koma ba. Ya tafi da samari biyu, Abbega ɗan ƙabilar Margi, da Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram. Dukansu an kamo su bauta tun suna yara, har Allah ya haɗa su da abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, wanda ya 'yanta su a Barno. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi a 1852 sai suka koma hannun Barth. Dorugu yana ɗan shekara 15 ko 16 ya ƙetare hamada zuwa Tarabulus, ya shiga jirgin ruwa zuwa Malta, daga nan Marsey, daga nan Faris, ya isa Landan cikin Satumba 1855. Bayan 'yan makonni ya zo nan Hambug, gidan su Barth. Daga baya ya zauna a Ingila wurin wani malamin mishan, James Frederick Schön, wanda ya riƙa sa shi gaba yana ba shi labari da Hausa, shi kuma yana rubutawa. Wannan labari ya fito a littafin da ake kira Magana Hausa a 1885.

Kimiyyar ƙasar noma ce ta kai ni Jamus, amma a jami'ar akwai sashen da ake koyar da Hausa, kuma a laburarensu na nemo littafin. Rubutun na dā ne, haruffa da alamomi a ka, ido ba ya gane su da sauri. Sai na fara karantawa a fili, a hankali, ina motsa baki kamar ɗan makarantar allo. Nan take kunnena ya ɗauka. Hausar arewacin garinmu ce, irin wadda kakata take yi. Na zauna a wannan kujera har aka fara kashe fitilu. Abin da ya kama ni shi ne yadda yaron yake kallon Turai: ba tsoro, ba zuzutawa. Yana faɗin yadda Turawa suke zama cin abinci, abin da ake fara kawowa da abin da ke biyo baya, kamar wanda aka aika kasuwar ƙauyen gaba ya dawo yana gaya wa mutanen gida abin da ya gani. Mu ɗaliban yau hotuna muke komawa da su, ɗaruruwa a cikin waya, amma in aka ce mu ba da labarin gari guda sai mu rasa ta ina za mu fara. Na fito daga laburaren da niyya guda: in an gama jarrabawa zan bi hanyarsa, daga ƙarshe zuwa farko, iyakar inda aljihu da takarda suka yarje mini.

Takarda ta fara yanke hukunci. Landan tana da bizarta daban, katin izinin zamana na Jamus ba ya shiga da ni can. Tarabulus ba maganar zuwa ma. Malta kuwa kuɗin jirgin sama a watan Agusta ya fi ƙarfina. Aka bar ni da Faris da Marsey. Aljihu kuma ga yadda yake: ɗalibi baƙo sai ya zuba kuɗin shekara a wani asusu da ake kullewa, ana sakar masa kaɗan-kaɗan, a lokacin yuro 861 kowane wata. In an cire haya da inshorar lafiya, abin da ya rage na cefane ne. Sai ga shi a wannan shekara ta 2022, saboda tsadar mai da ta biyo bayan yaƙin Rasha da Yukren, gwamnatin Jamus ta fito da tikitin yuro 9: wata guda cur, ka hau kowane ƙaramin jirgin ƙasa da kowace bas ta cikin gari a duk faɗin ƙasar, ban da manyan jirage masu gudu. Wata uku aka yi ana haka, Yuni da Yuli da Agusta, kuma an sayar da tikiti wajen miliyan 52. Mu ɗalibai katinmu na zangon karatu shi ya tsaya a madadinsa. Daga Hambug har bakin iyakar Faransa, ba zan biya ko sisi ba.

Juma'ar da ta gabaci tafiyar na je masallacinmu da ke unguwar St. Georg, bayan babbar tashar jirgin ƙasa. Hambug ta fi kowane gari a Jamus yawan 'yan Gana, kuma da yawansu 'yan zango ne, Hausa suke yi. Akwai wani dattijo ɗan Kumasi da ya ɗauke ni kamar ɗa tun zuwana. Shi ya nuna mini inda ake sayar da naman halal mai araha, shi ya ba ni rigar sanyin da ta fitar da ni hunturun farko. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, sai ka ji ya ce "matata ya gaishe ka", har kunnena ya saba.

"Ɗana, na ji an ce tafiya za ka yi."

"E, Baba, Marsey zan je, bakin teku."

"Aiki ka samu?"

"A'a, Baba. Sawun wani mutum zan bi, wanda ya bi ta can tun zamanin kakannin kakanninmu."

Ya yi shiru yana kallona, sannan ya ce su ma sawun goro kakansa ya bi daga Kano har ya tsaya a Kumasi, bai koma ba. Ya sa hannu cikin jakarsa ya fito da goro biyar, farare, naɗe cikin jiƙaƙƙiyar takarda. Goro a Hambug ba abin wasa ba ne, ɗaya yana sayen burodi. "Riƙe, ɗana. Matafiyi ba ya zuwa wurin mutane hannu sake. Allah ya kiyaye hanya."

Na tashi da jirgin farko bayan asuba, da jakar goyo, da dafaffen ƙwai shida, da dabino, da gorar ruwa. Wanda yake so ya ga Jamus, ya bar jirgi mai gudu ya hau ƙarami. Mai gudu yana yanka ƙasa ne kamar wuƙa, ƙarami kuwa yana tsayawa kowane ƙauye yana gaisawa. A wannan bazara kuma kowa ya fito: tsofaffi da sandunansu, iyaye da kekunan jarirai, matasa da akwatunan giya, masu kekuna suna cacar baki da masu tsayuwa a bakin ƙofa. Daga Hambug zuwa Uelzen a tsaye na yi, ƙafa ɗaya a kan jakata.

Duk da haka idona yana taga, don ɗalibin ƙasa ba ya iya hana kansa. Kudu da Hambug jigawa ce, yashi fari mara ƙarfi, itatuwan fayin da gonakin dankali, ƙasar da manomin Daura zai gane ta da taɓawa ɗaya. Da muka wuce Hanoba sai launi ya sauya. Ƙasa ta yi duhu ta yi laushi, irin wadda iska ta tara tun zamanin ƙanƙara, ga alkama an girbe, ga gwozar sukari kore shar har iyakar gani, ga bututun masana'antar sukari a Nordstemmen. Na sha karanta wannan a aji, na sha riƙe samfurinta cikin leda, amma sai a ranar na ga inda jigawa ta ƙare dausayi ya fara, kamar an ja layi.

Na kuma ga abin da ban zata ba a Turai: fari. Masara ta tsaya iya ƙugu, ganyenta ya naɗe ya yi ruwan toka. Ciyawar bakin hanya ta ƙone kamar tamu a watan Maris. Labarai duk na kogin Rhine ne, wanda ya janye har jiragen dakon kaya suka koma ɗaukar rabin lodi ko ƙasa da haka. Wata tsohuwa da ta matsa mini na zauna bayan Göttingen ta nuna gonakin da yatsa tana girgiza kai, ta ce tun tana yarinya ba ta saba ganin haka ba. Na ce mata a garinmu in ganyen gero ya naɗe haka, mutane fita suke yi bayan gari roƙon ruwa, har da yara da dabbobi. Ta tambaye ni ko ruwan yana zuwa. Na ce wani lokaci tun kafin a koma gida. Ta daɗe tana kallon taga, sannan ta buɗe jakarta ta raba tuffa biyu ta miƙo mini rabi.

A Kassel na sami rata ta minti arba'in. Na yi alwala da ruwan gorata, na je can ƙarshen dandamali inda ba kowa, na shimfiɗa rigata na yi azahar da la'asar, kasaru. Daga nan Frankfurt, Mannheim, Karlsruhe, Offenburg, ina sauka ina hawa, har lissafin jiragen ya kai takwas. Rana tana gab da faɗuwa na sauka a Kehl, garin ƙarshe a ɓangaren Jamus, bayan tafiyar sama da awa goma sha biyu.

A Kehl akwai taragon cikin gari da yake ƙetare kogin Rhine ya shiga Strasbug, tun 2017. Na sayi tikiti a na'ura, na zauna kusa da wata mata da ta yi cefane a Jamus za ta je ta dafa a Faransa. Muka hau gada, muka sauka. Shi ke nan. Ba shinge, ba igiya, ba wanda ya ce buɗe jaka. Na waiwaya ina neman inda iyakar take, ban gan ta ba. Wannan gari na Strasbug, Jamus ta karɓe shi a 1871, Faransa ta maido shi a 1918, Jamus ta sake mamaye shi a 1940, aka ƙwato shi a 1944. An zubar da jini a kan kogin nan fiye da yadda lissafi zai ɗauka. Jikokin waɗanda suka yi wannan faɗa su ne suka sa hannu a yarjejeniyar Schengen a 1985, ta fara aiki a 1995, suka kwashe shingayen. Ni kuwa daga Daura zuwa Kongolam, bakin iyakarmu, ba ta kai tafiyar rabin awa ba, kuma waɗanda ke ƙetaren dangina ne, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, aure ya haɗa mu ta kowace fuska. Ba mu taɓa yaƙi da su a kan wannan layi ba, ba mu ma muka ja shi ba. A 1979 ƙasashenmu suka sa hannu cewa ɗan yankin yana da 'yancin zirga-zirga. Amma duk wanda ya taɓa rakiyar buhun gero daga Matamaye zuwa kasuwar Daura ya san sau nawa mota take tsayawa. Wannan abu ya yi mini ciwo a kan gadar nan, har yanzu kuma yana yi.

Sai dai daren bai ƙare ba sai da na ga ɗaya fuskar. Na hau bas ta dare zuwa Faris, don ita ta fi araha kuma ta ɗauke mini kuɗin makwanci. Wajen ƙarfe biyu muka tsaya a wani wurin shan mai, aka kunna fitilun ciki, jami'ai biyu suka shigo. Suka wuce kujera ta farko, ta biyu, ta biyar, ba su ce wa kowa komai ba. A kaina suka tsaya. Na miƙa fasfo da katin izinin zama. Ɗaya ya haska katin, ya dubi fuskata, ya maido mini cikin ladabi, har da fatan a sauka lafiya. Suka ƙarasa baya wurin wani saurayi baƙi kamata, wanda tun Strasbug yake barci da hula a fuska. Na ji muryoyi ƙasa-ƙasa. Can sai ga shi ya biyo su, da 'yar jakarsa ta leda. Da ya zo daidai ni muka haɗa ido. Bas ta tashi ba shi. Har gari ya waye hannuna yana kan aljihun da katin yake.

Faris ba zan daɗe a kanta ba, don an rubuta ta an gaji. Na ga hasumiyar Eiffel, na ga kogin Seine. Na yi azahar a babban masallacin da aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, na zauna a farfajiyarsa mai koren tayil da ruwa yana gudana har gajiyar bas ta sake ni. Da yamma na je unguwar Château Rouge, inda na tarar da kuɓewa ɗanya da busasshen kifi da manja a bakin titi, mata suna ciniki da Wolof da Bambara da Lingala. Na kwana a masaukin matasa, mu takwas a ɗaki. Washegari na kashe kuɗin cefanen mako guda a kan tikitin jirgi mai gudu, wanda ya cinye kilomita wajen 750 cikin awa uku da 'yan mintuna.

Tashar Saint-Charles ta Marsey a kan tudu take. Kana fitowa sai ka ga gari a ƙarƙashinka, da hasken da ban ƙara ganin irinsa ba tun da na bar gida, fari, mai sa mutum ya runtse ido. Daga ƙofar tasha matakala ce mai hawa 104 take gangarawa cikin gari, an ƙaddamar da ita a 1927. A gindinta akwai gumaka biyu na mata a kishingiɗe, ɗaya an ce ita ce ƙasashen Asiya da Faransa ta mallaka, ɗaya ƙasashen Afirka. Na tsaya gaban ta Afirka na daɗe. An sassaƙa ta a kwance, ba tufafin kirki, kamar wadda ba ta da aikin yi sai jiran a zo a ɗiba. Alhali gumin mutanenta ne ya gina rabin abin da nake gani. A dā gyaɗar Afirka ta Yamma a nan aka riƙa sauke ta, a matse mai, a yi sabulun da sunan garin ya yi fice da shi. Kamfanin CFAO, wanda kakana yake ambata duk lokacin da ya tuna zamanin dalar gyaɗa da 'yan baranda da awo a kan sikeli, a wannan gari aka kafa shi a 1887. Kakana bai taɓa ganin teku ba. Ya san dai gyaɗa tana shiga jirgin ƙasa a Kano ta tafi. Na zauna a kan matakala ina tunanin tsagaggun hannuwansa.

Na gangara tsohuwar tashar jiragen ruwa, wadda Girkawa suka kafa garin a bakinta shekara wajen 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Ta bakin ruwan garin nan Dorugu ya fara taka ƙasar Faransa. Na yi ta ƙoƙarin in gan shi, yaro siriri a bayan Baturensa, yana kallon dogayen gidaje yana ajiye komai a ka. Ban iya ba. Jiragen shaƙatawa sun cika wurin, masu yawon buɗe ido suna layin askirim. Na ji kamar na yi doguwar tafiya na tarar mai gidan ya tashi.

Yunwa ce ta kai ni kasuwar Noailles, 'yan mintuna daga nan. Lunguna ne matsattsu, warin kayan yaji da ɗanyen kifi da na'ana'a, Larabawa da 'yan Komoro da 'yan Senegal. Ina tsaye ina duban farashin ɓaure sai na ji a bayana an ce, "To ki gaida Inna, ki ce mata wata mai kamawa in sha Allahu." Jikina ya yi yar. Na juya. Saurayi ne da bai fi shekara ashirin da biyu ba, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, akwatunan tumatir uku a hannu. Na jira ya ajiye, na yi masa sallama, na ce sannu da aiki.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yaya, kai ɗan ina ne?"

"Daura."

"Daura! Ni ɗan Kance ne. Wallahi ɗan Kance ne ni." Ya riƙe hannuna da hannu biyu, bai saki ba har mai shagon ya ƙwala masa kira.

Ya ce in jira shi ya tashi. Bayan magariba ya kai ni ɗakinsu, hawa na biyar a wani tsohon gini, su shida, katifu jingine da bango. Ya dafa shinkafa da wake, ya zuba mai da yaji, muka sa hannu a kwano ɗaya. Ban tambaye shi yadda ya zo ba, don ba a tambaya. Shi ya fara da kansa, bayan mun wanke hannu. Daga Zinder zuwa Agadas. Daga Agadas bayan Hilux, su fiye da ashirin, kowa da sanda a tsakanin ƙafafu don kada ya faɗo, zuwa Dirku, zuwa Tummo, zuwa Gatrun, zuwa Sabha. Shekara biyu a Libiya, wani ɓangare yana leburanci, wani ɓangare a kulle a wani gida har sai da aka sayar da gonar babansa aka aiko da kuɗi. Sannan kwale-kwalen roba da dare, da jirgin ceto da ya tsince su kwana biyu bayan haka, da sansani a Italiya, da duwatsun da ya ratsa da ƙafa ya shigo Faransa. Yana faɗa ne a sanyaye, kamar mai lissafin kayan shago.

Ina jin sunayen garuruwan ina jin tsigar jikina tana tashi, don na san su. Daga Dirku zuwa arewa, ta Tummo da Gatrun, ita ce hanyar da ayarin Barth ya bi a 1855 da ya taso daga Kukawa. Rijiyoyin su ne dai. Na zo neman sawun Dorugu a bakin ruwa ban samu ba, ga shi a gabana yana kankare ƙanzon tukunya. Kance kuma ba sabon suna ba ne a wannan hanya ta arewa. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito. Ya ce yana yaro lokacin, ya tuna zaman makoki gida-gida. Duk da haka da ya girma ya tafi, don gonar ba ta ciyar da su wata huɗu a shekara. Ni da nake karatun ƙasar noma na san abin da yake nufi, na san yadda jigawar nan ta gaji, na san yadda gona take ƙanƙancewa duk lokacin da aka raba gado.

Ya tambaye ni kwana nawa na yi daga Jamus. Na ce biyu, da na tsaya a Faris. Ya ce in nuna masa takardar. Na ciro katin na ba shi. Ɗan roba ne, bai fi katin banki ba. Ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa, ya juya gaba, ya juya baya, ya kai shi kusa da fitila yana kallon yadda launi yake sauyawa a jikinsa. Sauran 'yan ɗakin suka matso, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, ba mai magana. Da ya dawo wurinsa ya miƙo mini da hannu biyu. "Yaya, ka riƙe shi da kyau."

Na rasa abin cewa, sai na tuna da goron Baba. Na kwance takardar, har yanzu da sauran danshi. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya rufe ido. Ya ce rabonsa da goro tun Agadas. Aka fasa biyu aka raba mu bakwai, ya ɓoye sauran ukun. Muna tauna na ba su labarin Dorugu, tun daga kamun bauta har Landan da Hambug, da yadda maganarsa ta zama littafin da Turawa suka koyi Hausa da shi. Suka saurara kamar ana tatsuniya. Da na gama, tambaya ɗaya ya yi.

"Ya koma gida?"

Na ce ya koma a 1864. Ya yi aikin tafinta shekaru da yawa, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, a can ya rasu a 1912.

"A Kano," ya ce. "To alhamdu lillahi. An yi masa sutura cikin mutane."

Na kwana a wurinsu, sun ba ni katifar da ta fi kyau duk da na ƙi. Kafin asuba ya tashe ni, zai tafi sauke kaya. Ya ciro wata leda daga ƙarƙashin matashi, waya ce sabuwa a kwalinta. Ya ce wata huɗu yana tara kuɗinta. Wayar ƙanwarsa ba ta ɗaukar hoto, shekara huɗu Inna muryarsa kawai take ji. Ya daɗe yana neman wanda zai aika, ga shi Allah ya kawo ɗan Daura. Na ce sai Disamba zan je gida. Ya ce ko shekara ce zai jira.

Ranar da na cika kwana uku a gida na hau mota zuwa Kongolam, da hazo ya rufe gari. Muka tsaya inda ake tsayawa, muka wuce Matamaye, kafin azahar ina Kance. Yaro ya raka ni gidan, katangar ƙasa, rumbu biyu, akuya ɗaure a gindin bedi. Ƙanwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Tsohuwar ta fito tana gyara lulluɓi, muka gaisa, ta tambayi mutanen Daura, ta tambayi hanya. Na ajiye ledar a gabanta. Ba ta taɓa ba.

"Ɗana, da idonka ka gan shi?"

"Da idona, Inna. A kwano ɗaya muka ci."

"Ya rame?"

"Bai rame ba, Inna. Yana da ƙarfinsa."

"Yana salla?"

"Shi ya tashe ni asuba."

Ta gyaɗa kai. Ƙanwar ta riga ta fasa kwalin, ta sa layi, muka yi ta ɗaga wayar sama muna neman sabis har muka samu a kusa da rumbu. Ta yi ƙara sau uku, fuskarsa ta fito, da hular sanyi, da akwatunan lemo a bayansa. Tsohuwar ta karɓi wayar da hannu biyu ta kai ta dab da idonta. Na ɗauki takalmana na fita zaure.